Hawa na Biyar

Marowaci muke ce masa a tashar kwana-kwana, kuma ba don abin hannunsa ba. Shekara ashirin da takwas yana shiga hayaƙi da tukunyar iska a baya, kullum ya fito sai a tarar da saura a cikinta, alhali tamu ta ƙare ƙaf. Shi ya koya mini riƙon mesa lokacin da aka ɗauke ni aiki. Ni Baba nake kiransa.

Bana aka kawo doka: duk wanda ya haura hamsin sai ya hau benen gwaji mai hawa shida, da cikakken kaya da naɗin mesa a kafaɗa, cikin minti uku. Wanda ya kasa a sauke shi daga mota, a mayar da shi sito, kuma babu karo na biyu. Ni aka danƙa wa agogo, don an san ba ni da surutu.

Wata biyu ya yi yana hawa da sauka a matakalar gidansu da jarkar ruwa a kafaɗa, a hankali, yadda ya saba. Ƙafafunsa suka zama kamar taɓare.

Ranar gwaji da safe direbanmu ya tare shi.

"Marowaci, yau kam sai ka fasa asusun iskar nan da kake tarawa."

"Riƙe sitiyarinka, ɗan zaune," in ji shi. "Kai ko kujerar motar sai an tura ka kake hawa."

Ana dariya ya saɓa tukunya, ya ja maɗaurin ƙirji har ramin ƙarshe. Haka 'yan da suke yi, don tukwanensu na ƙarfe ne masu nauyi, in suka yi lilo sai su kayar da mutum. Na yanzu ba su da wannan nauyin, ana barin wurin yatsa biyu don haƙarƙari ya samu buɗewa. Na gani. Na buɗe baki, sai na dubi waɗanda ke tsaye, duk shi ya koyar da su. Na haɗiye maganata.

Na danna agogo, na bi bayansa. Hawa uku na farko da kyar nake cim masa. A na huɗu numfashinsa ya sauya, ya koma gajere, sama-sama, kafaɗunsa na ɗagawa suna taya ƙirjin ja. A na biyar gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Ya kama ƙarfen matakala, ya fizge abin rufe fuska.

"Baba, saura ɗaya. Da sauran daƙiƙa arba'in."

"Ba... ƙafa ba ce." Ya dafe haƙarƙarinsa. "Nan ne... ya ƙi ja."

Daga ni sai shi a wurin. Na ɗora yatsa a kan maɓallin agogo.

"Bari in tsayar, ka huta. Ba mai gani."

Ya kama wuyan hannuna.

"In wuta ce... wa zai... tsayar mata?"

Muna kallo minti uku ya cika. Bai juya ba. Da numfashin ya ɗan dawo, ya gyara mesa a kafaɗa ya ƙarasa hawa na shida, taki ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu.

A ƙasa malamar asibitin da aka kawo don gwajin ta kwance masa maɗauri, ta ga shatinsa a jikin riga. Ta ce huhunsa lafiya lau. Tsokar da ke buɗe ƙirji ce ta gaji, don ita ma nama ce kamar ta cinya, kuma in ta galabaita sai jiki ya rage wa ƙafafu jini ya ba ta.

"Da na sassauta fa, 'yata?" ya tambaye ta.

"Wataƙila, Baba. Ba zan iya rantsuwa ba."

Direba bai sake yi masa ba'a ba, shi kuwa na san ya fi son ba'ar.

Yanzu yana sito, tsakanin tukwane da takalman roba. In ƙararrawa ta kaɗa yakan miƙe zumbur kafin ya tuna. Shekaranjiya na zo karɓar tukunya a guje, ya tsayar da ni, ya zura yatsa biyu ƙarƙashin maɗaurina, ya sassauta rami ɗaya.

"Kar ka yi irin tawa," ya ce. "Ni ba wanda ya lura ya gaya mini."

Direba na ta danna oda a waje. Na ce, "To, Baba," na fita.