Madara Ba Ta Wanke Huhu

Sati shida bayan an yanke masa wani yanki na huhun dama, Ƙarami ya dawo gareji, amma ba aiki ya zo yi ba. Ya jawo gwangwanin fenti ya kife a gaban motar da yayansa ke shirin fesawa, ya zauna daram, ya harɗe hannuwa.

"Tashi, Ƙarami. Mai motar zai zo da yamma," in ji Yaya, yana girgiza bindigar feshi.

"Sai dai ka fesa har da ni. Ja ne ko? Zai karɓe ni."

Shekararsa hamsin da biyu, furfura ta ci rabin gemu, amma har yau Ƙarami ake ce masa, domin a hannun Yaya ya koyi sana'ar. A hannunsa kuma ya koyi dokar masu fenti: in ka gama feshi, ka kwankwaɗi madara gwangwani guda ta wanke maka ƙirji. Takunkumi kuwa na ragwaye ne, gumi kawai yake sa mutum. Shekara talatin suna shan madara, su fyace majina shuɗiya ko koriya, gwargwadon motar da aka yi ranar, su kwashe da dariya. Oho dai, a ganinsu an wanke.

'Yarsa ce ta ja shi asibiti da ƙarfin tsiya, lokacin da ake neman masu aikin hayaƙi da ƙura da suka haura hamsin. Aka ɗebi jini 'yar kwalba biyu. Likitar ta ce ciwon dajin huhu kan zubar da wasu alamu cikin jini tun mutum bai fara tari ba. Jinin ba ya yanke hukunci, nuni kawai yake yi, sai hoton ƙirji ya tabbatar. Nasa jinin ya yi nuni, hoto ya nuna ƙulli bai fi ƙwayar wake ba. Mutumin da ko sigari bai taɓa sawa a baki ba! Aka cire, aka ce ya zo da wuri. Tun daga ranar yake bin Yaya ya je a ɗebi nasa jinin, Yaya yana zillewa.

"Lafiyarka ƙalau ka kai kanka, suka farke ka," in ji Yaya. "Ni ba mai tono mini abin da ke kwance."

Mai walda ya leƙo daga rumfarsa. "Ka bar shi, Ƙarami. Jinin Yaya ai rabinsa fenti ne, injinsu zai toshe."

Ƙarami bai yi dariya ba. Ya ɗaga riga ya nuna tabon da ke ƙarƙashin haƙarƙarinsa.

"Duba nan, Yaya. Madara nawa na sha? Da tana wanki, da huhuna ya fi rigar likita fari. Iskar da na shaƙa ita ka shaƙa, ka ma riga ni da shekara tara. Ban taɓa yi maka musu ba tun da nake, ko lokacin da ka sa na fesa motar gawa launin ruwan hoda. Yau kam na yi. Ba na tashi."

Rana ta take, ɗinkin yana yi masa zugi, ya ƙi motsi. Haushi yake ji, tsoro kuma ya fi haushin yawa. Yaya ya zagaya ta bayan motar, Ƙarami ya ja gwangwaninsa ya bi shi. Ya dawo gaba, ya sake biyo shi.

Can Yaya ya ajiye bindigar. Ya tsuguna kusa da shi, ya yi ƙasa da murya don kada mai walda ya ji.

"Na je, Ƙarami. Ranar da aka yi maka aiki, na tambayi wata nas a bakin ƙofa. Ta ce gwajin na waɗanda ba su fara jin komai ba ne."

Ya zaro tsumma daga aljihu ya buɗe. Jan da ke jiki ba na fenti ba ne.

"Wata huɗu ke nan ina tarin jini. Ban gaya wa kowa a gida ba."

Ƙarami ya kalli tsumman. Idonsa ya ciko, ya ƙi bari hawaye ya zubo. Ya dafa motar ya miƙe da ƙyar, ya kama wuyan hannun yayansa gam.

"To mun huta da layin jini. Hoto za mu wuce kai tsaye."

"In suka ce na makara fa?"

"Sai su faɗa a gabana. Mu je."