Ƙurar Dalma a Tsakar Gida

Shekara ashirin da bakwai Mai Batir yana fasa tsofaffin baturan mota a rumfarsa ta bayan gareji, ya zubar da ruwan, ya narkar da dalmar a kaskon ƙarfe. Makanikai kan tsokane shi wai ranar da ya mutu sai an nemo ƙarti goma, don dalmar da ya shaƙa ta fi shi nauyi. Shi ma yakan yi dariya. Ban da ciwon kai jefi-jefi, bai san ƙofar asibiti ba.

Matarsa ce ta kwanta. Da fari haki ne, in ta ɗauko bokiti daga famfo sai ta tsaya sau biyu a hanya. Daga baya ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, barci kuma sai a jingine.

Likitar da ta duba ta ta ce hawan jini ne ya daɗe yana cin ta a ɓoye, har zuciyar ta gaji. Sannan ta ɗago takardar gwaji.

"Baba, wace sana'a take yi? Akwai dalma a jininta, ba kaɗan ba, ita kuwa takan jawo hawan jini."

"Ni dai nake aikin batir. Ita ko hanyar rumfata ba ta sani ba," in ji shi, har da ɗan alfahari.

"Kayan aikin naka fa, wa yake wankewa?"

Sai ya tuna. Kullum da yamma matar takan karɓi rigar da wandon, ta kakkaɓe su a tsakar gida, dab da inda take kife kwanuka, ƙurar na tashi fari-fari. Bai taɓa cewa ta bari ba. Yabonta ma yake yi wajen abokai.

"Maigida, kada ka sa wa ranka damuwa," matar ta ce, numfashinta na yankewa. "Ni na ce ka riƙa kawowa."

Ya tambaya ko akwai maganin da zai wanke jinin. Likita ta ce za a gwada ragewa, amma zuciyar ba za ta koma yadda take ba. Ta ƙara da cewa ya kawo duk wanda ya tashi a gidan.

Wata huɗu matar ta ƙara a duniya. Ta cika da hantsi, a zaune, yana riƙe mata kofin ruwa.

Bayan sati biyu ya raka autarsu asibiti, tana da cikin fari wata bakwai. Nas ta ɗaura mata abin awon hawan jini, ta kwance, ta sake aunawa a ɗaya hannun, sannan ta fita kiran likita.

"Baba, lafiya dai ko?" Auta ta tambaya.

"Lafiya lau, 'yar nan," ya ce, idonsa a ƙasa.

A ranar aka ba ta gado, ita ma jininta ya hau.