Mahaƙin Rijiya a Bakin Kusugu

Wata biyar ke nan rabon Mainasara da leƙa rijiya. Mutumin da ya shekara ashirin yana haƙa su a ƙasar Baure, wanda in ya damƙi ƙasa ya shinshina yake gaya maka gaba nawa za a yi kafin a iske ruwa, yanzu ko randar ɗakinsa zai buɗe sai ya kau da kai. Wata rijiya ce da yake haƙa a wata ruga ta rufta da shi yana can ƙasa, aka wuni ana tono kafin a fito da shi. Jiki ya warke tsaf, ƙashi ko ɗaya bai karye ba. Amma tun daga ranar, da ya matso bakin rami sai ya ja da baya, ya kasa leƙawa. Masu son a haƙa musu suna ta sallama a ƙofar gida, yana ce musu baya ne ke ciwo, har sun fara raguwa. Rumbu yana ta yin ƙasa, shi kuwa ban da wannan sana'a bai iya komai ba sai ɗan noman damina. Matarsa Lami kaɗai ta san gaskiyar magana.

Ita ce kuma ta tuna masa alkawari. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka buɗe Islamiyya a ƙauyensu, shi da bakinsa ya ce wa 'yarsa Maijidda ranar da ta kai izu biyar zai kai ta Daura, ita da ƙaninta Kalilu. To ga shi ta kai.

"Sai ka kai su rijiyar Kusugu su sha ruwa," in ji Lami, tana ɗaure musu ɗumame a kwano.

Mainasara ya dube ta. Ita ko a jikinta, sai ƙara ɗaurin kwano take.

"In lokaci ya ba mu," ya ce.

A ransa kuwa ya riga ya ƙulla cewa lokaci ba zai ba su ba. Motar ƙarshe ta Baure bayan la'asar take tashi. Abin da ya rage masa shi ne ya cika wa yaran nan ido da birni tun daga safe, har rana ta karkata ba su tuna da wata rijiya ba.

Tun a mota abin ya fara. An sa Maijidda a kujerar baya wajen mata, Kalilu yana kan cinyar ubansa a gaba, amma wannan bai hana su hira ba. "Kalilu, ka ga wayoyin lantarki?" "Na gani! Ke kin ga gida a kan gida?" Fasinjoji suna ta dariya. Da suka sauka, yaran suka tsaya cak a bakin kwalta, suka ƙi gaba suka ƙi baya, saboda babura. Kalilu ya ce bari su jira su gama wucewa tukuna. Sai da uban ya kama su hannu bibbiyu ya tsallake da su, shi kansa yana ta bismillah a ɓoye.

Ya fara kai su shagon wata mata Ujunwa, wadda take da firij mai ƙofar gilashi. Ta miƙo musu askirim a 'yan kofuna tana cewa, "Ku sha da sauri fa, ba ya jira." Maijidda ta lasa, ta ware ido, ta dafe haƙoranta. Abu ga zaƙi kamar zuma, ga sanyi kamar yana cizo, a tsakiyar zafin bazara! Ta tambayi matar ko daga sama ake kawo shi. Kalilu kuwa ya yi ta sha har ya ga gindin kofi, sannan ya ɗaga kai ya ce, "Baba, mutanen garin nan kullum haka suke sha, kuma suke iya yin fushi?"

Daga nan sai layin masu talabijin. Akwatuna shida a jere, mutum ɗaya ne a cikin kowanne, yana ɗaga hannu dukkansu su ɗaga. Sun kai rabin awa a tsaye, Mainasara bai ce su tafi ba, don kowane minti riba ce gare shi. A ƙarƙashin wata lema suka ga wani dattijo ya kara wani ɗan abu a kunne, ba waya ba igiya, yana ta yi wa ɗansa na Legas faɗa. A nan kam har Mainasara sai da ya saki baki. Suka bi ta ƙofar fada suka tsaya daga nesa, yaran suka ɗaga kai suna kallon tsayin gini da zanen da ke jikinsa har hular Kalilu ta faɗi. Suka shiga wajen mai hoto, aka tsayar da su gaban wani labule mai jirgin sama, aka ce kada su motsa. Ba su ko ƙifta ba, har sai da mai hoton ya ce to ai an gama, su yi numfashi.

Azahar a babban masallaci suka yi ta. Wurin alwala Kalilu ya murɗa famfo, ruwa ya zubo daga jikin bango. Ya rufe, ya buɗe, ya sake rufewa. Ya zagaya bayan bangon ya dawo.

"Baba, ina rijiyar take?"

"Yi alwalarka," in ji Mainasara.

Suka ci ɗumamensu a inuwar darbejiya, ya ƙara musu da tsire. Ya ja su kasuwa, ya bi da su layin 'yan atamfa sau biyu, ya tsaya gun masu gyaran rediyo ba shi da rediyo. Da aka kira la'asar sai ya ji wani sanyi a ransa. Suka yi salla, ya karkaɗe rigarsa.

"To, sai tasha. Kada mota ta bar mu."

Kalilu ya miƙe, ya riga ya gaji. Maijidda kuwa ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi da ya fi masa sauƙi. Gyara hijabinta kawai ta yi, ta ce a hankali, "Na gaya wa 'yan ajinmu babana zai auna Kusugu ya faɗa min zurfinta. Suka ce ba wanda ya isa. Na ce ba ku san babana ba."

Mainasara ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya sa takalmin, ya tambayi wani mai shayi hanyar Kusugu.

Ashe ba nisa, duk yawon da suka yi kewaye ta suke ta yi. Rijiyar tana cikin gini, wani dattijo mai kula da wurin ya amsa sallamarsu ya shigar da su. Tun daga bakin ƙofa Mainasara ya ji ƙanshin nan da ya sani, na sanyin ƙasa da ruwa. Ya jingina da bango. Dattijon ya shiga ba yaran labarin da kowane ɗan ƙasar Daura ya taɓa ji, na macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa da baƙon da ya zo ya kashe shi. Kalilu ya laɓe a bayan ubansa ya ce shi daga nan ma yana gani.

Maijidda ta matsa bakin rijiyar, ta yi ɗage, ba ta hango komai ba.

"Baba, ɗaga ni in gani."

Akwai abu guda da Mainasara ya sha yi wa mata faɗa a kai a bakin rijiyoyinsa: ba a riƙe yaro a kan rijiya ido yana wani wuri. Ko ka bar shi a ƙasa, ko idonka yana inda nasa yake. Taku huɗu ne tsakaninsa da ita. Ya yi su kamar mai tafiya cikin laka. Ya kama ta a ƙugu ya ɗaga, ta dafa, ta sunkuya. Shi ma ya sunkuya, ido buɗe, don ba yadda zai yi.

Duhu ya fara gani. Sai dattijon ya haska tocila. Can ƙasa ruwa ya yi ƙyalli, lumui, ba motsi, wata iska mai sanyi tana tasowa tana shafar fuskarsa.

"Kai!" in ji Maijidda, muryarta ta sauka ta dawo. "Baba, tun zamanin da ruwan nan yake nan?"

"Tun kafin kakannin kakanninku," in ji dattijon. "Ana ɗiba, ana sha."

Mainasara bai ɗago ba. Idonsa ya bi ramin daga baki har ƙasa, yadda ya saba bin aikin wani mahaƙi. Shi ya san abin da ake sha kafin a kai nan. Wani mutum ne, mai hannu biyu kamar nasa, ya tsaya a wannan wuri ya ce a nan ruwa yake, ya sa dagi. Ya sauka yau, ya fito, gobe ya sake sauka, haske yana ta ƙanƙancewa a samansa. Sarakuna sun zo sun wuce, gari ya cika da kwalta da lantarki, ramin mutumin nan yana nan yana ba da ruwa.

"Baba," ya ce wa dattijon, "kowa yana ba da labarin wanda ya kashe macijin. Wa ya haƙa ta?"

Dattijon ya shafa gemu. "Wallahi, Malam, ban taɓa jin an tambaya ba. Wannan sai Allah."

Mainasara ya sauke Maijidda. Hawaye ne a idonsa, bai kuwa goge ba. Ya karɓi guga ya zura, igiya tana bi ta tafin hannunsa, har ya ji gugan ya taɓa ruwa. Ya fara jawowa yana buɗe hannuwa, yana ƙirga gaba a fili, yaran suna amsawa. Kalilu ya fito daga maɓoya ya matso.

"Baba, hannunka yana rawa," in ji Maijidda.

"Na sani."

"Bayan ne?"

"Ba bayana ba ne, uwata. Tsoro nake ji. Tun ranar da aka tono ni nake jin sa."

Yaran suka dube shi. Ba su taɓa jin babba ya faɗi haka ba.

"To ka bari mana," in ji Kalilu.

"A'a. Shi ma wanda ya haƙa wannan ya ji, ba makawa, kuma da safe ya koma." Ya miƙa wa Maijidda ƙarshen igiyar. "Riƙe min nan da kyau. Nawa muka ce?"

Ta faɗa masa. Ya sake sunkuyawa, ya dubi gugan yana tasowa cike da ruwa, ya ci gaba da ja.