Guɗa Huɗu da Wayar da Ta Mutu

Nyokabi na cikin gonar shayi, kwando a baya, wayarta ta yi ƙara. Maman Githinji ce, uwar mijin 'yarta, daga asibiti a Nairobi, inda 'yar ta je haihuwa. Ko gaisuwa babu, sai guɗa da ta rangaɗa mata a kunne.

Nyokabi ta saki ganyen hannunta ta hau ƙirge. A al'adarsu in an haifi mace guɗa huɗu ake yi mata, namiji biyar. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai wayar ta yi ɗif, caji ya ƙare.

'Yarta Wamuyu kaɗai Ubangiji ya ba ta. Ita kuma ta jero maza uku da mace ɗaya, macen fari kuwa sunan uwar miji take ci, sai ta biyu ake sa wa sunan uwar mace. Shekara goma sha biyu ke nan Nyokabi tana jira a haife ta, kamar yadda ake cewa in an haifa wa mutum takwara. Duk bikin da suka haɗu sai Maman Githinji ta ɗora takwararta a cinya ta ce, "Maman Wamuyu, ke har yanzu kina hanya?" A yi dariya har da ita, amma abin yana cin ta a rai. Ga Wamuyu ta rantse daga wannan haihuwar ta rufe.

Da kwandon da komai ta haura tudu zuwa kantin tsoho Kamotho.

"Lafiya? Kare ya biyo ki?" in ji shi.

"Jona mini wannan matacciyar, bar surutu!"

Wayar na farfaɗowa ta kira.

"Maman Githinji, nawa kika yi?"

"Au, tsufan har ya kai ba kya iya ƙirge?"

"Huɗu na ji waya ta mutu. Da saura?"

"To, kin san ƙirjina. Wani lokaci nakan tsaya in huta a tsakiya."

"Baiwar Allah, kada ki kashe ni a kantin mutane!"

Ta jiyo dariya, sai kuma muryar Wamuyu, a gajiye.

"Mama, ga ki nan a hannuna. Ba ki da haƙori ko ɗaya, amma tun da kika iso kike yi wa kowa faɗa."

Kamotho da ya kasa kunne ya ce, "Faɗa? To ai ita ce, ba a yi musanya ba."

Nyokabi ta zube kan buhun masara ta sha kukanta, daɗi ya ishe ta. Can ta miƙe ta tsaya a bakin kanti, ta fuskanci kwarin da mata ke tsinkar shayi, ta saki guɗa. Tana kai ta huɗu ta toshe bakinta da hannu biyu, kada murna ta sa ta biyar ta kuɓuce.