Kunnen Dama

"Ba wannan ba, Sista," in ji Tanko. "Na dama nike so."

Sista Zipora ta ɗaga kai ta dube shi, sannan ta dube ni. Ita ce mai ɗaukar hoton ciki a wani ɗan asibiti da ke bayan kasuwar Yelwa, kuma na tabbata ba a taɓa zuwa mata da irin wannan buƙata ba. Mutane kan zo su ji ko mace ce ko namiji, ko ɗaya ne ko biyu. Maƙwabcina Tanko, mai jirgin fito, kunne ya zo nema.

Matarsa Khaulat na kwance da cikinta wata bakwai, an shafe shi da wani mai mai sanyi, ta rufe fuska da mayafi don kunya. Ni na rako su, don katanga ɗaya ce tsakaninmu, duk abin da ya same su sai ya tsallako wurina. Wannan na'urar ce ta yi musu albishir bayan shekaru ba haihuwa. Ita ce kuma daga baya aka ɗora wa Tanko, ta nuna hantarsa ta lalace. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce da wuya ya ga haihuwar.

"Mi za ka yi da kunne kuma?" na tambaye shi.

"Huɗuba, Yaya Hafsatu. Kiran salla ga kunnen dama a ka yi."

"Kai Tanko! Ina ka taɓa jin an yi wa ciki huɗuba?"

"Na tambayi malam, ya ce babu laifi, in an haihu a sake." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ni ina cikin uwata ruwa ya ci ubana. Wani baƙo mai sayen kifi ya yi min huɗuba, ko sunanshi ba a riƙe ba. Ban so ɗana shi fara jin sunan Allah ga bakin aro."



Sista ta ci gaba da zagaya kan na'urar a cikin Khaulat. A gilashin na'urar ba na ganin komai sai duhu da farin hazo yana motsi a hankali, har wani ɗan kai ya fito daga ciki ya sake nutsewa. Ta ce yaro yakan ji sauti a waɗannan watanni, amma wannan ya juya, kunnen hagu ne a waje, na dama yana can ta bayan uwar.

"In gaya muku ko mace ce ko namiji?"

"Bar wa Allah nashi," in ji Tanko. "Mu dai shi juyo."

Bai juyo ba. Aka ba Khaulat ruwan sanyi, ta zagaya tsakar asibitin, aka sake dubawa, yana nan yadda yake. Na ce taurin kai ne irin na uban, wanda ko hadari ya taso sai ya tsallakar da mutane a jirgi. Tanko ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Daga ranar ƙafafunsa suka kumbura, bai sake fita ba. Ina bandar kifi a gidana, hayaƙin na bi ta kan katanga, ina jin muryarsa daga ɗaki yana magana a hankali, ban san ko da Khaulat yake ko da kansa ba. Yakan ce idan ya kai tsakiyar tafki da sassafe, daidai inda tsohon garin kakanninsa ya nutse, sai ya kashe inji. Wai ruwan yakan yi shiru har ya ga kan itatuwa a ƙasa, da hanyar da mata ke bi zuwa rijiya, kifaye na shiga ta ƙofofi suna fita ta tagogi. Ban taɓa yarda ba. Amma a kwanakin nan, idan na rufe ido a cikin hayaƙi, ni ma sai in ga garin.

Mun koma asibitin ni da Khaulat, yaron bai canza ba. Ta yi kwanciyar gefe, ta sha zoɓo mai ƙanƙara, ni kuma na yi wa cikin faɗa kamar yana gabana. Tsoro ya kama ni sosai, domin Tanko ya daina cin komai sai ɗan kunu, idanunsa sun yi rawaya.

Ran nan na yafa gyale na tafi wurin Sista. Ban san me na ce mata ba, kuka dai na yi. Bayan la'asar sai ga ta a kan kabu-kabu, ta rungume wata ƙaramar na'ura mai batir a jaka.

Muka shimfiɗa wa Khaulat katifa kusa da Tanko. Hasken yamma ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan tabarma. Sista ta durƙusa, ta daɗe tana nema. Can sai ta ɗora yatsa a ƙasan cibiya, ta gefe.

"Malam Tanko, ya juyo. Ga shi nan, daidai yatsana."

Ni da ita muka tallafi Tanko muka matso da shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na kau da kai don kunya, amma idona bai bar gilashin ba. Ya sa bakinsa inda yatsan yake, ya fara kiran salla, kalma ɗaya, numfashi ɗaya. A tsakiya ya tsaya, har na ɗauka ya kasa. Khaulat ta raɗa masa abin da ke gaba, ya karɓa, ya kai ƙarshe.

A cikin hazon nan wani ɗan hannu ya taso a hankali, ya tsaya kusa da kai.

"Ya ji?" in ji Tanko.

"Ya ji," in ji Sista. "Bari kai ma ka ji shi."

Ta murɗa wani abu, sai ɗakin ya cika da bugun zuciyar yaron, da sauri, ba tsayawa. Tanko ya saurara ido a rufe, irin sauraron masu jirgi.

"Wanga inji za shi kai gaɓa," ya ce.

Ya kwantar da kumatunsa a jikin matarsa. Muka bar shi ya huta. Ni na fara lura mayafin da ke ƙirjinsa ya daina motsi. Na yi salati ƙasa-ƙasa, na miƙa hannu na shafa idanunsa.

Sista ta kai yatsa za ta kashe na'urar. Khaulat ta riƙe mata wuyan hannu, ba ta ko buɗe ido ba.

"Bar shi tukuna."

Muka zauna mu uku, hasken na janyewa daga kan tabarma, bugun yana ta tafiya.