Ƙuri'ar da Sanata Tackett Bai Kaɗa Ba

Orval Tackett mutum ne da bakinsa ba ya gajiya. Ya je yaƙin Koriya yana laftanar, ya dawo da ɗingishi, ya karanta lauya, ya buɗe ofis a garinsu na masu haƙar kwal. Alƙalai kan aika a kawo musu kofi da zarar sun ga ya miƙe, don sun san yau sai rana ta karkata. Bakin nan ne ya kai shi majalisar dattawan jiha.

Abu ɗaya ya je nema: a gina wa sojojin da yaƙi ya nakasa gidan jinya a yankinsu. Zama bayan zama yana kawo ƙudurin ana kayar da shi, kuma kullum mai kayarwar ɗaya ne, Sanata Lyman Birdsall, wani siririn tsoho da ko fitilar titi yake gani almubazzaranci ce. A zauren majalisa kamar su cinye juna, amma da tsakar rana teburi ɗaya za ka tarar da su, suna cin wake da burodin masara.

A wannan zaman ciwon zuciya ya kwantar da Birdsall. Majalisar kuwa tana da tsohuwar al'ada: idan ciwo ya hana ɗan majalisa zuwa, wani daga ɗaya ɓangaren kan yi masa alkawarin shi ma ba zai kaɗa ƙuri'a ba, don kada a ci nasara a kan mara lafiya. Babu dokar da ta tilasta, hannu kawai ake haɗawa. Da Orval ya je dubiya, Birdsall ya miƙo nasa.

"Ka riƙe min, Orval. Kada ka ga ina kwance ka zagaye ni."

"Kai ko a kwance ba ka daina rowa. To, na riƙe."

Ya faɗa ne da sauƙin zuciya, don a lissafinsa bana yana da rarar magoya baya.

Ranar ƙuri'a, wadda ita ce ta ƙarshe a zaman, wasu daga cikinsu suka sulale. Hollis Greer, jagoran jam'iyyarsu, ya tare shi a bakin zaure yana share gumi.

"Kunnen doki za a yi, Orval, kuma ka san kunnen doki faɗuwa ce. Taka kaɗai ta rage."

"Tawa tana hannun Lyman."

"Haba, Sanata. Lyman tun jiya bai san wanda ke kansa ba. Wa zai gaya masa?"

Orval ya ɗaga ido zuwa wurin zaman baƙi. Can ya hango Dewey Sizemore, sajensa na Koriya, wanda sanyin ƙanƙara ya cinye masa ƙafafu biyu a fagen yaƙi. Yana zaune a keken guragu, ya sha tsohuwar kwat ɗinsa ta zuwa coci. 'Yar'uwarsa mai jinyarsa, wadda ita ma tsufa ya cim mata, ita ta tuƙo shi tun daga gida.  Tsoro Orval ya ji, irin wanda rabonsa da shi tun bakin daga.

Akawu ya fara kiran sunaye. Da aka zo kan Tackett, zauren ya yi tsit. Ya dafa teburi ya miƙe.

"Na yi wa Sanata Birdsall alkawari. Da yana nan, a'a zai ce. Da ban yi ba, e zan ce. Ba na kaɗawa."

Aka ƙirga, aka buga guduma, ƙudurin ya faɗi. Greer ya wuce ta gabansa ko kallo bai ishe shi ba.

A waje ya sami Dewey shi kaɗai, 'yar'uwar ta tafi ɗauko mota.

"Saje, tsaya in yi maka bayani."

"Na ji da kunnena, Laftanar. Su dai 'yan majalisar nan sanyi bai ci su ba."

"Zama mai zuwa zan sake kawo shi. Ko zan kwana a ƙofar kowa."

"Zama mai zuwa sai bayan shekara biyu ke nan." Dewey ya gyara bargon da ke cinyarsa. "Likita bai ba ni biyu ba."

Orval ya sunkuyar da kai.

"Ban ce ka yi laifi ba," in ji Dewey. "A can ma haka kake, shi ya sa muka yarda muka bi ka. Kawai dai na so a ce yau ɗaya ka zama ɗan iska kamar kowa."

Motar ta tsaya a bakin titi. Orval ya zagaya ya kama bayan keken zai tura.

"Bar shi, Laftanar," in ji Dewey, bai ko waiwayo ba. "Gangara ce, zan iya."

Ya saki. Yana tsaye yana kallo har keken ya isa wurin motar.