Turmin Habi da Kirarin Iliyasu

Laifin Almustapha guda ne, ba ya saurare. Kunne gare shi mai kaifi, in sauro ya gitta bayan ɗaki sai ya ji, amma mutum na gabansa yana magana bai san abin da anka ce ba. Wannan hali shi ya kai zauren maƙwabcinsa Mode a Magarya, ranar da ya kafa makirfo gaban tsoho yana yatsine fuska.

"Baba, a ce ma Inna Habi ta tsai da dakan nan. Yana shiga cikin ɗauka."

Mode na jingine da bango, zane lulluɓe da ƙafafunsa da sunka kumbura. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Turmin Habi shi na gangata, ɗan nan. In ya tsaya na tsaya."

Daga bayan katanga Habi, matar Mode, ta ce, "Ka gaya mishi tuwon da ya ci yana ƙarami daga wanga turmi ya hito."

Mode mawaƙin noma ne. Duk gayyar da anka yi tsakanin Sisawa da Rara a zamaninsa, muryarsa ce ke tura masu fartanya. Makaɗansa sun mutu, 'ya'yansa sun kama noman albasa, babu wanda ya ɗauki waƙa. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, shi da kansa ya aika a kira Almustapha, wanda ke da shagon ɗaukar waƙa a Wurno. Wani kamfani mai haɗa manhajar gyaran sauti ya ba shi sabuwar da sunka yi don ya gwada musu a kan muryoyin mutanenmu. Aikinta ta tsince muryar mawaƙi, ta zubar da duk abin da ta ɗauka hayaniya ne. Almustapha ya fi yarda da ita a kan kunnensa.

Akwai kuma wani abu tsakaninsu. Iliyasu, mahaifin Almustapha, masunci ne, gulbin Rima ya ci shi tun matarsa na da cikin yaron. Mode abokinsa ne, shi ya yi masa kirari, shi kuma ya jawo gawarsa bakin gaɓa. Tun ranar bai sake furta kirarin ba. Almustapha ya roƙe shi yana yaro, ya roƙe shi yana saurayi, amsa guda ce kullum: "Ranar na nan tahe."

To, anka fara. Taɓarya ta sauka, Mode ya ɗora murya a kanta, Habi na amshi daga cikin gida. Kaji na tono bakin ƙofa, wani jaki ya yi kuka a bayan gari. Almustapha ya toshe kunnuwa da abin saurare, idonsa kan kwamfuta, yana kallon layin sauti na tashi yana faɗuwa, yana tsaki duk sanda jakin ya sake.

Can ƙarfin tsoho ya ƙare. Ya daina waƙa, ya ɗago ya dubi Almustapha, ya yi wata 'yar magana. Almustapha ya gyaɗa kai bai ɗaga ido ba, hankalinsa na kan wata ƙara da ke cikin wayar makirfo. Sai Mode ya rufe ido ya ci gaba ƙasa-ƙasa, kamar mai raɗa. Taɓarya ta rage sauri. Habi na amshi a hankali. Da sunka gama, gidan ya yi tsit.

"Shi ke nan, Baba?"

"Shi ke nan, ɗan Iliyasu."

A shago ya saka wa ɗaukar manhaja. Ta cire turmi, ta cire kaji da jaki, ta cire tarin tsoho. Amshin Habi da ya zo ta bayan katanga ta lissafa shi cikin hayaniya. Raɗan ƙarshe kuwa ta share shi sumul. Muryar Mode ta fito tas, kamar ta mai shekara arba'in. Almustapha ya saurari farkon, ya ji daɗi, ya aika wa kamfanin. Kwamfutarsa ta cika, ga masu waƙar biki na jira, sai ya goge ɗanyar ɗaukar kamar yadda ya saba.

Da ya koma Magarya, an mai da Mode cikin ɗaki. Ya kunna masa a waya. Tsoho ya saurara, ido a rufe, yatsansa na neman bugun turmi a kan tabarma bai samu ba.

"Wa na wanga?"

"Kai ne, Baba."

"A'a. Wanga shi kaɗai yake. Kamar mai waƙa cikin kushewa." Ya numfasa. "Ina Habi ta tahi?"

"Gyara ne, Baba. Haka ake yi yanzu."

Mode bai yi gardama ba, babu numfashin yi. Ya lalubo hannun Almustapha ya riƙe. Hannun tsoho sanyi ƙalau.

"Abin da ni ba ka hwa, ka ji shi?"

Almustapha ya ɗauka waƙoƙin ake nufi.

"Na ji, Baba. Yana nan a aje."

"Alhamdu lillahi. Na sauke."

Ranar Alhamis da hantsi Mode ya cika. Almustapha na cikin waɗanda sunka ɗauki makara, ya zuba ƙasa da hannunsa. Bayan sadakar uku Habi ta sa anka kira shi. Tana zaune a ƙofar ɗaki cikin mayafin takaba, turmi a kife gefen rumbu.

"Kunna min shi in ji."

Ya kunna. Ta saurara, kanta a sunkuye. Mode ya ba da waƙa, sai shiru daidai wurin amshi. Ya sake bayarwa, shiru. Leɓunanta na motsi a kowane gurbi.

"Ina tarinai?" ta ce. "Ina inda yac ce min taɓaryata ta tsuhwa?"

"Inna, waɗannan hayaniya ce, an ɗebe."

"To. Kai min ƙarshe. Wurin Iliyasu."

"Wane Iliyasu?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Ubanka. Ya ce maka, 'Ɗan nan, ga ranar ta zo,' ka gyaɗa kai. Ya yi kirarin tun daga farko har ƙarshe. Daren da za ka zo bai yi barci ba don shi."

Almustapha ya ja waƙar zuwa ƙarshe. Babu komai. Ya ƙure ƙara, ya manna wayar a kunne. Ko numfashi babu.

"Inna, ke ba ki riƙe shi ba?"

"Ni amshi nika yi, ɗana. Na maza ne, can bakin ruwa aka yin shi. Amshin kaɗai na sani." Ta faɗa a hankali: "Ruwa ya san ka, gida na jira."

Ya rubuta wa kamfanin yana roƙo. Sunka amsa da ladabi cewa abin da ya aiko musu shi ke hannunsu, gyararren, kuma sun yaba da tsabtarsa.

Ga abin da Almustapha ya rasa. Ya rasa maƙwabcin da ya tafi yana zaton ya sauke amana. Ya rasa turmin Habi, don ba ta sake daka ba, jikokinta ke kai niƙa inji. Ya rasa kirarin ubansa, wanda anka faɗa sau guda gabansa yana kallon kwamfuta.

Har yau in shago ya yi sauƙi, masu wucewa kan hango shi da abin saurare a kunne. Layin ƙarshen waƙar Mode na tafiya miƙe a kan allo, ba tashi ba faɗuwa, shi kuwa ya sunkuya, yana saurare.